Kuɗin Keke Napep a Ƙarƙashin Bahar Maliya

Bazazzagi Mai Yawo: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Jiya ina rage hotuna a waya don wuri ya cika, sai na ci karo da waɗannan guda huɗu da na ɗora muku. Watan Maris ne na 2022, shekara ɗaya da 'yan makonni kafin yaƙi ya tashi a Sudan. Sunan wurin Sanganeb, yana cikin Bahar Maliya, kamar kilomita 25 daga Bur Sudan, garin da 'yan rediyo ke kira Port Sudan. Kwana shida na yi a jirgin ruwa muna nutso, sau ɗaya na taka abin da ba ya motsi. Dogon ginin nan da kuke gani hasumiyar fitila ce ta jiragen ruwa. Daga ita sai ɗakunan masu tsaronta sai doguwar gada, su kenan abin da ya ɗago saman ruwa a wurin. Ba bishiya, ba inuwa. Abin kallon duk yana ƙasa.

Alhaji na Kwari: Wa alaikumus salam. Zazzagawa ikon Allah. Duk faɗin Kubanni mutum ya rasa inda zai yi wanka sai ya tafi Sudan. Faɗa mana gaskiya, nawa ka kashe?

Bazazzagi Mai Yawo: Alhaji, da tikiti da biza da kuɗin jirgin ruwan da hayar kayan nutso, ya kusa kuɗin sabon Keke Napep a lokacin. Kuma dala ce tsaba na riƙe a aljihu, don katin banki na waje ba ya aiki a can.

Alhaji na Kwari: Innalillahi. Da yanzu yaro na kawo maka balas kullum da magariba. Ka ɗauki keke sukutum ka jefa a teku, ka dawo mana da hoto huɗu, ɗaya ma ya yi duhu.

Maman Biyu: Alhaji ka bari mu ji labari tukuna mana. Yaya Bazazzagi, wannan shatin mai launin ganye-ganye da ya zagaye ruwan kamar bakin kwarya, mene ne?

Malamin Jogarafi: Bari in riga shi, don wannan gonata ce. Abin da kike gani shi ake kira atol, kalmar daga harshen mutanen tsibiran Maldibs aka aro ta. Mu ce tsibirin zobe. Katanga ce ta murjani da ta yi da'ira a tsakiyar teku, ta kewaye wani tafki mara zurfi sosai, alhali ta waje zurfi ne mai ban tsoro. Darwin ne ya kawo bayanin yadda suke samuwa a 1842: dutse mai aman wuta ya ɓullo a teku, murjani ya tsiro a gefensa, dutsen ya riƙa nutsewa sannu a hankali, murjanin kuma yana ta gini sama don ya tsaya kusa da hasken rana. Ƙarshenta dutsen ya ɓace, zoben ya rage. An daɗe ana musu, sai a 1952 Amurkawa suka haƙa rami a Enewetak cikin tekun Fasifik, suka wuce mita dubu suna ratsa murjani kafin suka taras da dutsen a ƙasa. Shi Sanganeb wasu masana cewa suke mai kama da atol ne, don Bahar Maliya tsagewa ce da ta raba Afirka da ƙasar Larabawa, ba irin labarin Fasifik ba. Amma siffar ita ce, kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren gado na duniya a 2016 a kan cewa shi ne irinsa tilo a wannan teku.

Maman Biyu: Tsaya Malam. Murjani dai murjani? Irin wanda kakata ta bar wa mahaifiyarmu, ja, ana ɗaurawa a wuya da hannu? Ni duk zatona dutse ne.

Malamin Jogarafi: Dangi ne amma ba shi ba ne. Jan murjani na ado yawanci daga tekun Bahar Rum yake fitowa, fatake suka riƙa ƙetaro Sahara da shi. Na Sanganeb mai gina katanga ne. Kuma dukansu ba dutse ba ne, ba tsiro ba ne, dabba ce. Ƙananan halittu ne masu laushi, kowace tana gina wa kanta gida na farar ƙasa, ta mutu wata ta ɗora a kai. Masu dunƙulen nan a shekara kamar santimita ɗaya suke ƙaruwa. Ki lissafa katangar da ta kai kilomita shida tsawo.

Bazazzagi Mai Yawo: Allah ya ƙara sani Malam. Ni abin da ba zan manta ba shi ne gangarowa ta farko. Ƙaramin kwale-kwale na roba ya kai mu bakin katangar ta kudu, muka faɗa ta baya. Da kumfa ya washe sai na ga bango a hannun damana, cike da launi kamar an baza atamfofi a Kwari, Alhaji, a hannun hagu kuwa ba komai. Shuɗi kawai, yana ƙara duhu yana tafiya ƙasa. An gaya mana katangar daga zurfin kusan mita 800 ta taso. Cikina ya juya irin na wanda ya leƙa daga saman bene, alhali ba faɗuwa zan yi ba, a rataye nake kamar shaho.

Kuma ƙasan ruwa ba shiru ba ne yadda mutane ke zato. Ƙara ce ƙas-ƙas-ƙas ba tsayawa, kamar ana suyar gyaɗa a ɗaki na kusa. Akwai wani kifi mai baki irin na aku, yana gatsar murjani kana jin ƙarar, ya tauna ya fitar da shi farin rairayi ta baya. Muna cikin haka haske ya ragu, na ɗaga kai na ga garken barakuda, dogaye masu sheƙi kamar wuƙaƙe, sun yi guguwa suna juyawa a kanmu. Ba na iya ƙirga su.

Ƴar Damagaram: To kifin nan mai cin mutane fa? Ni shi nake jira a zo kansa.

Bazazzagi Mai Yawo: Shak. A can ƙirsh suke ce masa. Kusan kowane nutso sai mun gan su, masu ruwan toka, tsawon mutum ko ƙasa da haka. Sukan zo su gifta, su dube ka da gefen ido, su wuce abinsu. Wanda Turawan jirgin suka zo dominsa shi ne mai kan guduma, idanunsa a can gefe biyu na gudumar. Shi yana son ruwa mai sanyi da zurfi, sai da asuba muka sauka kusan mita 30 muka tsaya muna kallon shuɗi. Rana ta uku suka ɓullo, na ƙirga bakwai, suna tafe suna kaɗa kai. Ba su kai minti biyu ba suka ɓace. Hoton nan mai duhu da Alhaji ke wa dariya, su ne.

Malam na Zaure: Assalamu alaikum. Na karanta tun daga sama. Ɗana, ba na musun cewa abin da ka gani aya ce, Allah da kansa ya ambaci lu'ulu'u da murjani a Suratur Rahman. Amma ina ka kai faɗinSa a Baƙara cewa kada ku jefa kanku cikin halaka? Mutum da iyali, ya goya tukunyar iska, ya shiga inda ba a halicce shi ya zauna ba, cikin namun da ke iya cinye shi, ba neman abinci ba, ba ceton rai ba. Ina neman a fahimtar da ni.

Bazazzagi Mai Yawo: Allah ya gafarta Malam, tambayar a kan hanya take. Ba haka kawai na faɗa ba. Ina da shekara talatin da 'yan kai na koyi iyo, sannan na yi kwas na kwana huɗu a Dahab ta Masar, aka ba ni shaidar zuwa mita 18, na sake wani aka ƙara min zuwa 30. Ba a nutso mutum ɗaya, kowa da abokinsa. Amma Likita na nan, shi zai fi ni bayani.

Likita: Allah ya gafarta Malam, a gurguje don ina bakin aiki. Shak ba shi ne babban haɗarin ba, iskar da mutum ke shaƙa ce. Da farko a gyara wani kuskure: tukunyar nan ba oksijin zalla ba ce irin ta asibiti, iskar nan ce ta duniya aka matse, kusan kashi 21 oksijin, sauran yawanci naitirojin. Duk mita 10 da ka sauka, nauyin da ke kanka yana ƙaruwa da kwatankwacin na iskar duniya gaba ɗaya. A mita 30 ya ninka huɗu kenan. A wannan matsi naitirojin yana narkewa cikin jini da tsoka. Ka ɗauki kwalbar lemo mai gas: in ka buɗe a hankali ba komai, in ka fizge murfin sai kumfa. To in mai nutso ya taso da sauri, kumfar a cikin jininsa da gaɓoɓinsa take tashi, tana iya shanye masa jiki. Shi ya sa ake hawowa sannu, a tsaya minti uku a mita 5, kuma bayan nutso na kwanaki ba a hawa jirgin sama sai an yi aƙalla awa 18. Doka ta biyu, ba a riƙe numfashi ana tasowa, don iskar huhu tana kumbura, tana iya fasa shi.

Wanda ya kiyaye waɗannan, abin kasada ce mai iyaka kamar tuƙi. Amma akwai waɗanda ni zan hana kai tsaye: mai sikila, mai farfaɗiya, mace mai ciki. Mai asma da mai ciwon zuciya sai likita ya duba su sosai. Na ambaci sikila da gangan don mu ta shafa, fom ɗin da suke bayarwa kuwa mutum na iya cikewa da "a'a" daga sama har ƙasa don kada a hana shi.

Bazazzagi Mai Yawo: Likita ka taɓo ni. Ni ba sikila ba, mura ce na ɓoye. Rana ta huɗu hancina a toshe, na ƙi faɗa don kada a bar ni a jirgi. Muna kusan mita 20 na ji goshina kamar ana buga ƙusa, sai na ga wani ruwa kore-baƙi yana taruwa a gilashin fuskata. Hankalina ya tashi, na ce wane irin abu ne ke fita daga jikina. Ashe jini ne, haɓo. Ruwa yana shanye jan launi tun daga 'yan mitocin farko, shi ya sa jini a can ƙasa kore yake fitowa. Sauran ranar a kwance na yi ta ina jin haushin kaina.

Alhaji na Kwari: Ka ji ko, Malam? Da bakinsa.

Injiniya Ƙarami: Alhaji da girmanka, kai da kake bin hanyar Kano zuwa Legas da dare saboda kwantena, wa ya fi wani kasada? Kuma kuɗinsa ne. Wasu a biki ɗaya suke ƙone fiye da haka a liƙi, ba wanda ya kira su almubazzarai.

Alhaji na Kwari: Yaro, ni neman halal nake fita. In na mutu a hanya an san abin da na je yi. Shi in ya mutu a can me za a ce wa 'ya'yansa, Baba ya je gaida kifi? Ko gawa ba lalle a samu a yi wa sutura ba.

Injiniya Ƙarami: Wannan tunanin ne ya sa komai sai dai a ba mu labari. Wani ya je ya gani ya rubuta, mu mu saya mu haddace don cin jarrabawa.

Mai Unguwa: Jama'a a sassauta. Injiniya, Alhaji sa'an mahaifinka ne. Alhaji, kai ma ka san tsokanar Bazazzagi daban, maganar mutuwa daban.

Ɗan Kabi: Ni dariya kuke ba ni wallahi. Duk wannan tukunya da dalma a ƙugu da ƙafar agwagwa da agogo, don a shiga ruwan da ake ganin ƙasansa tun daga sama? Ku zo Argungu ku ga nutso. Ruwan Matan Fada ko tafin hannunka ba ka gani, da homa da gora kaɗai mutum zai shiga, ya lalubo giwan ruwa da ya kusa nauyinsa ya fito da shi. Kawuna bai san wani naitirojin ba har ya tsufa.

Likita: Ɗan Kabi, kawunka numfashi ɗaya yake ɗauka daga sama ya dawo da shi, kuma ba zurfi yake yi ba, shi ya sa kumfar ba ta dame shi. Da za ka ba shi tukunya ba horo, gwanintar tasa ce za ta cuce shi, don ya saba riƙe numfashi.

Bazazzagi Mai Yawo: Ɗan Kabi na sallama muku, ni ruwan da ba na gani ba na shiga. Amma ga abin da babu a Matan Fada. Ranar ƙarshe, dab da shiga tasha, muka sauka kan wani jirgin Italiya mai suna Umbria. Yana ɗauke da bama-bamai wajen 360,000 zai kai wa sojojinsu a Eritiriya, Ingilishi suka tsare shi a bakin Bur Sudan a watan Yuni na 1940. Kyaftin ɗin ya ji a rediyo cewa ƙasarsa ta shiga yaƙi, ya san kayan za su faɗa hannun abokan gaba, sai ya sa mutanensa suka nutsar da jirgin da hannunsu. Yana nan kwance a gefensa, tsawonsa ya haura mita 150. Mun shiga da tocila. Bama-baman na nan jere kamar an shirya doya a rumbu, ga kwalabe birjik, ga motocin Fiat guda uku kifi na shiga ta taga yana fita. Jagoranmu ya ce ku kalla, kada ku taɓa. Ba wanda ya buƙaci a maimaita masa.

Malamin Jogarafi: Arewa da nan kuma akwai Sha'ab Rumi, inda Bafaranshen nan Cousteau ya kafa gida a ƙarƙashin ruwa a 1963, mutanensa suka yi wata guda a zurfin mita 10 don a gwada ko ɗan Adam zai iya zama a can. Kun je?

Bazazzagi Mai Yawo: Mun je. Garejin ƙaramin jirginsu ne ya rage, kamar katon tulu a kife bisa ƙafafu. Ana shiga ta ƙasa.

Takari na Bur Sudan: Salamu alaikum 'yan'uwa. Ni ba na yawan magana a nan, sabis ɗinmu sai a hankali, amma yau kun zo ƙofar gidana. An haife ni a Maiurno bakin Shuɗin Nilu, garin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Aiki ya kai ni Khartum, yaƙi ya koro ni nan a 2023. Daga inda nake zaune zuwa bakin teku tafiyar ƙafa ce. Wallahi ban taɓa ganin Sanganeb ba sai a hoton nan naka, ya zol. Mu "fanar" muke ji masunta na faɗa, wato fitilar.

Abin da ya sa na yi magana, kakata. Tana yarinya aka taso da ita daga ƙasar Haɗeja za a hajji a ƙafa. Fort Lamy (Injamena ta yanzu), Abeshe, Junaina, Fashir, a tsaya a yi noma a samu guzuri a ƙara gaba, a tsinci auduga a Jazira. Ta bar gida ba ta fara salla ba, ta iso Sawakin da goyo. Masu takarda da kuɗi suna shiga babban jirgi. Irin su kakata sai sambuk, kwale-kwalen katako mai filafilai, a ɓoye, da dare, don kada hukuma ta kama. Ta ce abin da matuƙan ke tsoro ba igiyar ruwa ba ce, sha'ab ne, wannan murjani da kuke yabo. Yana kwance dab da fuskar ruwa kamar wuƙa a cikin tabarma. Da rana mutum ɗaya ke tsayawa a goshin jirgi yana duban launi: shuɗi a wuce, kore a yi hankali, ruwan ƙasa-ƙasa a juya. Da dare kuwa sai kunne da addu'a. Jirage biyu suka tashi a darensu. Nasu ya kai. Ɗayan, da ƙanin mijinta a ciki, ba a sake jin labarinsa ba. Har ta rasu ba ta cin kifin teku.

Maman Biyu: Allahu Akbar. Allah ya jiƙansu. Jikina duk ya yi sanyi.

Malam na Zaure: Allah ya gafarta musu. Ya tabbata a hadisi cewa wanda ruwa ya ci shahidi ne, balle wanda ya fito da niyyar ɗakin Allah.

Bazazzagi Mai Yawo: Amin. Ɗan'uwa Takari, yau ka warware min wata magana da ta tsaya min tun lokacin. A jirginmu baƙi goma sha huɗu ne, yawanci 'yan Italiya, ni kaɗai ne baƙar fata a cikinsu, har ranar farko wata ta miƙo min jakarta ta zaci ma'aikaci ne. Da na tashi sallar magariba ina neman gabas, sai na ji an ce daga kicin, "karkata hagu kaɗan, Makka na nan gabas maso arewa." Da Hausa. Kukun jirgin ne, dattijo, iyayensa daga wajen Katagum. Tun daga ranar ya riƙa ajiye min kan kifi da shayi mai citta. Ya ce ya shekara tara a jirgin. Na tambaye shi ko ya taɓa leƙa ƙasan, ya ce a'a. Na kawo gilashina na ce Baba ko daga tsani ka sa fuska ka gani, zan riƙe ka. Ya yi murmushi ya ce, "ɗana, ku kuna ganin lambu, ni maƙabarta aka ce min." Na ɗauka tsoron aljanun ruwa ne irin na tsofaffi, har na yi masa dariya.

Takari na Bur Sudan: Ba aljanu ba ne. Kusan kowane gidan Takari na da wanda teku ta riƙe.

Injiniya Ƙarami: To ni a nan tambayata ta sauya. Kuɗin keken nan da ake ta magana, nawa ne ya tsaya a hannun irin su Baba kuku?

Bazazzagi Mai Yawo: Kaɗan. Gaskiya kenan. Jirgin na Bature ne, kuɗin tun kafin in taso aka tura waje. Abin da ya tsaya a gari shi ne kuɗin izinin hukuma, da albashin ma'aikata, da cefane, da ɗan abin da muka haɗa muka ba su ranar sallama. A garin ma kwana ɗaya na yi, na ci agashe a bakin titi, wanda tsirenmu ne sak har sunan Hausa ne, na sha jabana, wato gahawa, wurin 'yan ƙabilar Hadandawa, shi kenan.

Alhaji na Kwari: Ka ga inda nake. Ko kasuwar ba tamu ba ce.

Malamin Jogarafi: Amma Alhaji a duba ɗaya gefen. Ƙarancin baƙi ne ya sa murjanin Sudan ya tsira da kyansa. A wasu wuraren Masar inda otal ya cika gaɓa, anga da ƙafafun mutane sun farfasa da yawa. Sudan ta ayyana Sanganeb a matsayin wurin da aka keɓe tun 1990. Can arewa kuma, kamar kilomita 125 daga Bur Sudan, akwai Dungonab da aka haɗa su tare a rajistar UNESCO, inda ake samun wata dabba 'yar'uwar ayu, tana kiwon ciyawar ƙasan teku.

Ɗan Kabi: Ayu? To a yi shiru kada masu sayar da man ayu su ji, gobe za ka ga an buɗe reshe.

Ƴar Damagaram: Ɗan Kabi ka ji tsoron Allah, ana maganar kuka kana ba mutane dariya. Ɗan'uwa Takari, yanzu ya garin yake? Ana zuwa?

Takari na Bur Sudan: Wa zai zo kallon kifi, 'yar'uwa? Tun da yaƙi ya tashi ranar 15 ga Afrilu 2023 gwamnati ta dawo nan, gari ya cika da 'yan gudun hijira, makarantu sun zama ɗakin kwana, haya ta fi ƙarfin mutane. Ta nan aka kwashe wasu ɗalibanku 'yan Najeriya. A watan Agusta na 2024 madatsar Arba'at ta fashe, ita ce ke ba mu ruwan sha, ta ci ƙauyuka. Ga teku a gabanmu, ruwanta ya fi na yawancin tekuna gishiri don ba kogin da ke zuba a cikinta, mu kuma muna bin amalanken jaki da jarka. A watan Mayu na 2025 jirage marasa matuƙa suka bugi ma'ajiyar mai da filin jirgi, kwanaki muna kallon hayaƙi. Ba na jin haushinka Bazazzagi, ka zo lokacin lafiya ka ga abin da Allah ya nuna maka. Har na adana hoton fitilar, zan nuna wa yarana, su ma ba su san da ita ba.

Malam na Zaure: Allah ya kawo muku ƙarshen wannan fitina. Bazazzagi, maganata ta farko na rage mata kaifi bayan bayanin Likita, ban janye ta duka ba. Ɓoye murar nan da ka yi, ita ce ainihin abin da ayar ke hanawa. Kuma in kana da lambar dattijon nan, ka neme shi ka ji halin da yake ciki. Wanda ya nuna maka alƙibla yana da haƙƙi a kanka.

Bazazzagi Mai Yawo: Na karɓa, Allah ya gafarta Malam. Lambar da ya ba ni ta daina shiga tun bara. Ɗan'uwa Takari, zan turo maka sunansa da hotonsa ta gefe, ko wani a tashar ya san shi.

Takari na Bur Sudan: Turo. Gobe Juma'a, bayan masallaci zan bi ta wurin masunta in tambaya. Hausawan tasha sun san juna.

Alhaji na Kwari: In an same shi a gaya min, ina da abin da zan sa a kai. Ba don Bazazzagi ba. Wai tsaya, mutum in ba zai jiƙe ba, akwai abin da zai gani?

Bazazzagi Mai Yawo: Akwai Alhaji. Hasumiyar ta kai mita 50, masu tsaronta suna barin baƙi su hau, har shayi suke bayarwa. Daga sama za ka ga zoben gaba ɗaya, shuɗi mai duhu a waje, kore a ciki, da garken dolfin suna shiga tafkin hutawa. Matakala ce dai sama da ɗari biyu.

Alhaji na Kwari: Da wannan gwiwar? Bene ɗaya na shagona ma yaro nake aikawa.

Ɗan Kabi: Bazazzagi, in lokacin bikin su ya zo ina gayyatarka. Ba tukunya, ba agogo. Zan ara maka gora.

Maman Biyu: Ni fa tun ɗazu nake son in tambaya kuna ta faɗa. A cikin baƙin nan akwai mata ai, tunda har wata ta ba ka jaka. Rigar robar tana rufe jiki har wuyan hannu da idon sawu? Kai fa, da me ake rufewa? Kuma Likita, wadda aka yi wa tiyatar haihuwa sau biyu, tana cikin waɗanda ka hana ko babu?